Likita ya hana ni taka ƙafa wata uku, zaman ɗaki ya gundure ni: yaya kuka yi da naku?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Waɗanda suka san ni a kasuwar Farin Gada ta nan Jos sun ji labarin hatsarin da muka yi a Hawan Kibo, muna ɗauke da kabeji da karas za mu Abuja. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Ni ƙafar dama ce ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashin ya fasa fata ya leƙo. An yi mini aiki, an sa mini ƙarfen nan na waje mai ƙusoshi da ke ratsa ƙashi. Likita ya ce kada in kuskura in ɗora nauyi a kanta sai bayan mako 12, shi ma sai hoto ya nuna ƙashin ya fara kamawa.

Zogin ya lafa yanzu. Abin da ke cina shi ne zaman. Ni tun ina yaro azahar ba ta samuna a gida. Da an idar da asuba ina kasuwa, motocin Bokkos da Mangu suna sauke dankali, ana ciniki, ana lodi, ana kirana ta ko'ina. Yau daga katifa sai kujera, daga kujera sai katifa. Makon farko masu dubiya har ana rasa inda za a ajiye takalma. Yanzu sai a wuni ba a ji sallama ba. Ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ke gabansa. Amma dare ba barci, rana ba aiki, abu kaɗan sai in ji raina ya ɓaci, kuma kullum zuciya tana raya mini in miƙe in gwada takawa.

Duk wanda ya taɓa doguwar jinya, ko ya yi jinyar wani, don Allah ya faɗa mini yadda ya cinye kwanakin nan. Ina son addu'arku, ina kuma son dabara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Sannu Abban Sadiq, Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka.

Ɗan Rikkos: Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da za ka ji tawa, wata uku a kwance ya yi yawa. Yaron maƙwabcinmu ya faɗo daga katanga ya karye, aka kai shi wurin mai ɗori, wata ɗaya yana guje-guje. Me zai hana a cire ƙarfen nan a kai ka a ɗora ta gida?

Sista Rifkatu: Ƙanina Ɗan Rikkos, na san alheri kake nufi, amma wannan shawarar tana iya jawo wa bawan Allahn nan rasa ƙafa, don haka ba zan yi shiru ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu karaya.

Karayar yaron maƙwabcinku da ta Abban Sadiq ba ɗaya ba ce. Na farko, yaro ne, ƙashin yara yana haɗewa da sauri fiye da na babba nesa ba kusa ba. Na biyu, tasa a rufe take, fata ba ta fashe ba. Shi kuwa wannan ƙashinsa ya fito waje, ya haɗu da ƙasa da dattin titi. Irin wannan babban abin tsoronta shi ne ƙwayoyin cuta su shiga cikin ƙashi. In suka shiga, sai ka ga mutum shekara da shekaru ƙafa tana zubar da mugunya. Dalilin da ya sa aka sa masa ƙarfen waje ke nan, don ya riƙe ƙashin a wuri ɗaya, a kuma bar ciwon a fili ana wanke shi ana gani. In aka cire aka naɗe da kara da tsumma aka ɗaure tam, ƙafa ta kumbura a ciki, jini ya daina zuwa yatsu, nama ya mutu. Da idona na ga yara da manya an kawo su ƙafa ta yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa.

Kuma ƙashin ƙwauri dama mai nawa ne. Ku shafa gaban ƙwaurinku, fata ce kawai a kan ƙashi, nama kaɗan, jinin da ke ciyar da shi kaɗan. A babban mutum, wata 4 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai ba abin mamaki ba ne, musamman irin wannan da ta fashe.

Baba Direba: Sista, gaskiya kika faɗa a kan wannan karayar, amma kada a yi wa masu ɗori kuɗin goro. Akwai gidajen da suka gada kaka da kakanni, kuma mun ga hannunsu. Ni kafaɗata a gida aka gyara ta ina saurayi, har yau da ita nake juya sitiyari.

Sista Rifkatu: Baba, ban ce duk ba su iya komai ba. Matsalar ita ce mai ɗori ba ya ganin cikin ƙafa. Ba shi da hoto, ba shi da maganin da zai kashe ƙwayar cuta a cikin ƙashi. Mai hankali a cikinsu shi da kansa in ya ga ƙashi a waje zai ce a wuce asibiti.

Ɗan Rikkos: To na ji Anti. Amma ku ma ku duba, kuɗin asibiti ne ke korar mutane, ba ƙin likita ba.

Baba Direba: Wannan kam haka ne ɗana. Sai dai wanda ya je ya dawo da ruɓaɓɓiyar ƙafa ya biya ninki.

Mai kula da zaure: Jama'a, maganar ɗori ta isa haka. Shi bai tambaye mu inda zai kai ƙafa ba, yadda zai yi da zama ya tambaya.

Abban Sadiq: Na gode. Ƙarfe yana nan ba inda za shi, Sista ki kwantar da hankalinki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar Juma'a. Ina jin kiran salla daga masallatai, maƙwabta suna fita da dardumansu, ni ina zaune. Ranar nan har hawaye na yi.

Malam na Gangare: Allah ya ba ka lafiya Alhaji. Hawayen nan alamar alheri ce. Ka riƙe hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari: idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya yana gida. Jam'in da ka saba, Juma'ar da ka saba, in sha Allahu ana rubuta maka. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ka zauna a kujera ka miƙe ƙafar, ka yi nuni da ruku'u da sujada, sujadar ta fi ruku'un sunkuyawa. Wajen alwala kada ka jiƙa wurin ƙusoshin. Ka wanke abin da ke wankuwa, ka yi shafa a kan bandeji, in ruwa zai cutar ka yi taimama.

Maganar cinye lokaci kuwa, shawarata ka daina kallon wata ukun a dunƙule. Ka yanka wunin da salloli biyar, kowane tsakani da aikinsa. Alƙur'ani izu 60 ne. Izu ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar, sauka guda ke nan a wata. Kafin likita ya sallame ka ka yi sauka uku. Ɗan kasuwa yaushe rabonsa da irin wannan dama? Ka yi haƙuri, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Hajiya Mai Atamfa: Allah gafarta Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ni ma da karatun nake rayuwa. Amma ka ba ni dama in ce wani abu a kan kalmar haƙuri, don mu da muke kwance mun sha jin ta har ta kai wani lokaci in an faɗa sai ka ji kamar ana cewa ka yi shiru.

Ni wankin ƙoda ake yi mini. Abban Sadiq kai an ba ka wa'adi, ni nawa ba ranar gamawa sai yadda Allah ya yi. Duk zuwa awa 4 ina kwance jikin inji, hannu ɗaya a miƙe ba motsi. Hannun da aka haɗa mini jijiya ba na ɗaukar kaya da shi, ko awarwaro mai matsewa ba na sawa. Ruwan da zan sha a wuni a gwaje yake cikin gora guda, in ya ƙare ya ƙare. An taƙaita mini ayaba da tumatir da lemo da dankalin turawa saboda sinadarin fotasiyam, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya. Ku duba fa, a Jos nake, garin dankali da tumatir. In ina marmari sai a yanka shi ƙanana, a jiƙa, a tafasa a zubar da ruwan, sannan in ɗan taɓa. Biki a Bauci ko Kano ba na zuwa sai na lissafa ranar wanki.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya kusa karya ni daban ne. Kafin ciwo, ni ce ake kira in za a yi aure a dangi, ni ke riƙe adashin matan layinmu, ni ke zuwa Kantin Kwari saro kaya. Da na kwanta sai kowa ya ɗauke mini komai, wai don in huta. Aka sa ranar auren 'yar ƙanwata ban sani ba, sai a bakin yara na ji. Da na tambaya aka ce ai ba a so a dame ni. Ranar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da likita ya faɗa mini sakamakon gwaji. Mutum yana iya jure ciwo, amma a wayi gari ba mai neman komai a wurinsa, wannan shi ke kashe zuciya.

Na tara su na ce a dawo mini da littafin adashi. Yanzu a kan injin nake lissafi da hannu ɗaya, ina tura hoton atamfa ga masu saye ta WhatsApp, yarinyata ta kai musu. Awa huɗun ba su ragu ba, amma ina fita daga ɗakin da abin da na yi.

To Abban Sadiq, ƙafarka ce ta karye. Kanka da bakinka da wayarka lafiyarsu ƙalau. Wa ke riƙe maka harkar kasuwa yanzu?

Abban Sadiq: Hajiya, wallahi kamar kina gidanmu. Ƙanina ne da yarana biyu. In na tambaye su yaya kasuwa sai su ce lafiya lau Yaya, kai dai ka ji da jikinka. Ko farashin buhun dankali na yau ban sani ba.

Hajiya Mai Atamfa: To yau ɗin nan ka kira ƙaninka. Ka ce kullum bayan magariba ya zo da littafi ku zauna. Masu sayen kayanka na Abuja ai lambarka suka sani, kai suka yarda da kai. Ka karɓi ɓangaren waya gaba ɗaya: kai za ka ji farashi da safe daga wajen manoma, kai za ka yi ciniki, kai za ka bi bashi, su kuma su yi lodi. Ka gaya masa a fili cewa ɓoye maka da suke yi shi ke ƙara maka ciwo. Ba mugunta ba ce, ba su sani ba ne.

Malam na Gangare: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin cika abin da na bari. Faɗin damuwa ba ya warware haƙuri. Annabi Ayyuba da ake buga misali da shi cewa ya yi cuta ta shafe ni, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya aya ta 83. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Mu masu zuwa dubiya ya kamata mu koyi zama mu saurara kafin mu ce a yi haƙuri.

Ummu Hanif: Sannu Abban Sadiq, sannu Hajiya. Ni tarin fuka na yi, na warke alhamdu lillahi. Maganin wata 6 ne, wata 2 na farko haɗin magani huɗu, sauran wata 4 haɗin biyu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Makonnin farko an ware mini ɗaki, taga a buɗe, ban ɗauki jaririyata yadda nake so ba, aikin koyarwa ma na dakata. Har fitsari ya koma ja-ja saboda ɗaya daga cikin magungunan, da ba a gaya mini tun farko ba da na firgita.

Abin da nake so ka kiyaye shi ne lokacin da za ka fara jin sauƙi, don nan ne haɗarin yake. Mu masu tari, bayan wata biyu tarin ya tsaya, jiki ya dawo, sai mutum ya ga me zai sa ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyi kullum. Wata da muke karɓar magani tare ta daina zuwa a wannan gaɓar. Ciwon ya dawo mata, ya zama irin wanda ba ya jin maganin farko, ta koma wata jinyar da ta fi ta baya wuya. Kai ma zogi ya tafi, shi ya sa zuciya ke ce maka ka taka. Ƙosawa ce ke magana, ba ƙashin ba.

Ni abin da ya riƙe ni saƙa ce. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta koya mini hular jarirai da safa daga bakin taga, ita a waje ni a ciki. Kun san sanyin Jos daga Disamba zuwa Janairu, kafin in gama magani har an fara yi mini oda. Da rediyo kuma. Labaran safe na BBC da na DW su suka zame mini agogo.

Ɗan Rikkos: Ni dai Yaya in ka sa data mai yawa an gama. TikTok, YouTube, ƙwallo, finafinai, kafin ka ankara dare ya yi.

Koci: Ɗan Rikkos, a nan zan saɓa maka. Ni yara nake horarwa a ƙwallo, na yi jinyar 'yan wasa da yawa da suka samu rauni a gwiwa ko idon sawu. Wanda duk ya kwanta da waya a hannu dare da rana, shi ya fi fita daga jinya a lalace. Yana kallo har ƙarfe uku na dare, ya yi barci har azahar, ya tsallake motsa jikin da aka ba shi, abinci ba lokaci. Mafi muni cacar ƙwallo ta waya. Wani yarona a kwance ya fara, wai don wasa ya yi masa armashi, kuɗin da 'yan'uwa suka tara masa na magani a nan suka tafi.

Kallon wasa ba laifi. Abban Sadiq in kai mai Plateau United ne irina, da muka ɗaga kofin gasar ƙasa a 2017, ka kira abokai biyu su zo ku kalli na ƙarshen mako tare ko ku saurara a rediyo. Kallo da mutane daban, latse-latse kai kaɗai cikin duhu daban.

Sai ƙwaya. Don Allah a kula da tramadol. Da yawa daga cikin yaran da ta kama a garin nan ba a majalisar banza suka fara ba, a kan gadon jinya suka fara, zogi ya wuce su ba su daina ba saboda tana rage musu tsawon wuni. Ko a 2018 da gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, ai irin wannan ɓarnar aka gani. Abin da likita ya rubuta, iya kwanakin da ya rubuta, shi ke nan. Kada wani ya kawo maka daga kemis ya ce zai sa ka barci.

Ɗan Rikkos: Koci ai ban ce ya yi caca ba. Amma a waya ma ana koyon abu. Ni gyaran sola a YouTube na fara gani.

Koci: Wannan na yarda. A sa mata lokaci kawai, kuma bayan isha a ajiye ta nesa da katifa.

Sista Rifkatu: Na dawo daga aiki, na karanta duka. Hajiya Mai Atamfa, Allah ya ƙara miki ƙarfi, maganarki zan riƙa faɗa wa masu jinya a ɗakinmu.

Abban Sadiq, hana ka taka ƙafa ba hana ka motsi ba ne, mutane da yawa suna haɗa biyun. Kwanciya wuri ɗaya tana da nata ciwon. Naman cinya yana zubewa cikin makonni kaɗan, gwiwa da idon sawu su sandare, bayan gida ya yi tauri, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ka nemi a haɗa ka da masu gashin ƙashi su nuna maka abin da ya dace da irin aikin da aka yi maka. Yawanci za su ce ka riƙa motsa yatsu, kana ɗaga tafin ƙafa sama da ƙasa, kana ɗaure naman cinya ka sake, sau da yawa a wuni. Lafiyayyar ƙafar da hannuwa su ma a ba su aiki, don su za su ɗauke ka a kan sanduna. Gorar ruwa cike ta isa abin ɗagawa. In ka bi tsarin Malam, ka liƙa motsa jikin a bayan kowace salla, ba za ka manta ba.

Abubuwan da in ka gani ba jiran ranar komawa asibiti: sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko bakin ƙusa ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ƙusa tana girgiɗi, ko zazzaɓi, ko yatsu su yi sanyi su canza launi. A tafi a lokacin, ko tsakar dare ne.

In kana shan sigari, yanzu ne lokacin bari, tana rage jinin da ke zuwa ƙashi, tana jinkirta haɗewa. Abinci kuma a daina hana ka ƙwai da gyaɗa wai suna sa ciwo ya yi ruwa, ba su ke kawo mugunya ba. Ka ci wake, ƙwai, kifi, nama in an samu, kindirmo, miyar kuka da zogale, ka sha ruwa sosai. Hantsi ya yi a fitar da kai tsakar gida ka sha rana, jiki yana samun bitamin D daga nan, kuma yana gyara barcin dare. Garinmu a kan tudu yake, sama da mita 1,200, sanyi zai dame ka a ƙafar, a sa maka safa a yatsu a lulluɓe da bargo mara nauyi. Amma kada a kunna maka gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci, kai kuma ba ka iya tashi da sauri.

Abu na ƙarshe, kuma da gaske nake. Gundura daban, ciwon damuwa daban. In ka kai mako biyu ba ka son abinci, ba ka son ganin kowa, abin da ke faranta maka a da ya daina, ko ka fara jin gara mutuwa, ka faɗa wa likitanka kai tsaye. Yana faruwa ga mazaje masu ƙarfi bayan hatsari, kuma ana maganinsa.

Mama Ladi Tudun Wada: Sannu ɗana, Ubangiji ya warkar da kai. Tun ɗazu ana maganarka, ba wanda ya tambayi matarka. Ni na yi jinyar maigidana da ya samu shanyewar ɓarin jiki, na san abin da take ciki. Ita ke ɗaga ka, ita ke kai ruwa bayi, ita ke girki da yara, ita ce kuma mafi kusa in ranka ya ɓaci. Ka riƙa ce mata sannu. Ka bar ta ta fita ta je gidansu ko wurin biki ta sha iska, wani ya zauna da kai. Aikin da hannu ke yi a zaune, karɓe mata: tsinar shinkafa, gyaran wake, duba wa yara aikin makaranta. Ba abin kunya ba ne a cikin gidanka.

Maganar masu dubiya da suka ɗauke ƙafa kuma, mu a zumuntar mata ta ikilisiyarmu mun daina zuwa gaba ɗaya rana guda. Muna rubuta suna, kowace da ranarta, har mai ciwo ya tashi. Mutum ashirin a rana ɗaya gajiya ce ga mai ciwo da mai girki. Mutum ɗaya kullum shi ne magani. Ku 'yan kasuwar Farin Gada da ke cikin zauren nan, me zai hana ku yi haka?

Shehu Mai Karas: Mama kin ba mu kunya, kuma kin yi daidai. Ni layinmu ɗaya da shi a kasuwa, tun makon farko ban koma ba, kullum sai in ce gobe. Yaya ka yafe mu. Zan yi wa mutanen layi magana gobe da safe mu raba kwanaki. Ni na ɗauki Talata.

Baba Direba: Ku ƙara da wannan. Lokacin da wani abokin aikinmu ya kwanta, majalisarmu ta yamma muka tayar gaba ɗaya muka mayar ƙofar gidansa. Benci biyu, mai shayi ya san inda zai aiko, muka haƙa gurbin dara a ƙasa. Ba dubiya muke zuwa ba, hirarmu muke yi kamar kullum, ana musu da shi ana cinye shi a dara ba a raga masa. Ya ce abin da ya fi so ke nan, a daina kallonsa da idon tausayi.

Abban Sadiq: Jama'a Allah ya saka muku da alheri, ban zaci haka ba. Shehu ba komai wallahi, sai na gan ka Talata. Hajiya, na kira ƙanina, da farko ya so ya kauce, na matsa masa. Ashe akwai mutum biyu a Abuja da suka riƙe mana kuɗi tun kafin hatsarin, yaran suna jin nauyin tambayarsu. Gobe da safe ni zan kira su. Mama Ladi, na karanta wa Maman Sadiq saƙonki, ta ce a gaishe ki da kyau.

Sista, tambaya ɗaya. In aka samu keken guragu, zan iya zuwa Juma'a a masallacin unguwa? Ba nisa, layi biyu ne.

Sista Rifkatu: Ka tambayi likitanka ranar da za ka koma, shi ya ga ciwon, ni ban gani ba. In ciwon ya rufe kuma ya amince, yawanci ba matsala. Sai a samu keke mai wurin miƙe ƙafa don kada ta yi ta reto ta kumbura, a rufe ƙarfen da tsabtataccen zane saboda ƙura, ka je da wuri ka zauna a gefe, ka bari jama'a su watse kafin ka fito. Cunkoson fita shi ne abin tsoro, kada wani ya yi karo da ƙarfen.

Malam na Gangare: In likita ya ce a'a, Alhaji, uzurinka karɓaɓɓe ne, ka yi azahar a gida.

Baba Direba: Keke kam kada ka saya. Akwai na marigayiya mahaifiyarmu a ajiye, mai wurin ɗora ƙafa ne. Turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, ranar Alhamis yaro zai kawo maka a Keke Napep. Birkin hagu ya ɗan saki, zan sa a ɗaure shi kafin nan.